Eriya Daga Tef ɗin Kafinta: Ziyara Zauren Masu Rediyon Sha'awa

 

Bari mu fara da abin da kowa ya taɓa gani. Dattijo ne zaune kan tabarma a ƙofar gida bayan sallar isha'i, rediyonsa a kan cinya. Labaran duniya yake nema a gajeren zango. Murya ta zo, ta tafi, sai shuuu. Ya zaro eriya har ƙarshe, babu sauƙi. Sai ya kira jikansa: "Kai, miƙo mini wayar can." Ya ɗaura baki ɗaya a kan eriyar, ya sa yaron ya rataya ɗaya bakin a reshen darbejiya. Nan take murya ta fito tas, kamar mai karanta labaran yana zaune a gefen tabarmar.

Ku lura, bai canja batir ba, kuma rediyon jiya ne dai a hannunsa. Waya kawai ya ƙara.

To, akwai mutane a duniya da suka ɗauki wannan dabara ta dattijo suka mayar da ita ilimi. Suna da ƙungiyoyi, suna da ranakun haɗuwa. Su taru a zaure da filaya da zarto da dalma, su ƙera eriya da hannunsu, wani lokaci ma har da na'urar aika magana. Zaurensu za mu leƙa yau. Za mu ji ko su wane ne, mu koyi lissafi ɗaya tak, sannan mu tsaya a bayansu mu ga yadda suke aiki. Mai biro da takarda a kusa ya jawo su, domin akwai lambar da za ku so ku rubuta.

Kashi na farko: su wane ne waɗannan mutane?

A Turance ana yi musu laƙabi da "ham". Mu a nan za mu kira su masu rediyon sha'awa. Mutane ne da suka zauna jarrabawa, hukumar ƙasarsu ta ba su lasisi, aka ware musu wasu zanguna na iska domin su yi magana da junansu, su yi gwaje-gwaje. Ba gidan rediyo suke buɗewa ba. Doka ta hana su sa kiɗa, ta hana su talla, ta hana su ɓoye ma'anar magana. Kowannensu yana da lambar kira, kuma farkon lambar shi ke nuna ƙasarsa. Idan aka ji 5N, daga Najeriya ne. 5U Nijar ce, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST kuma Sudan. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1. Haka ma marigayi Rajiv Gandhi, tsohon firaministan Indiya.

Ƙungiyoyinsu sun tsufa. Ta Birtaniya ta samo asali a 1913, ta Amurka a 1914. A 1925 aka kafa ta duniya baki ɗaya a birnin Paris, shi ya sa suke bikin ranarsu kowace 18 ga Afrilu.

Me ya sa suka shaƙu da ƙira? Saboda da farko babu kantin da za a je a saya. Kuma akwai wani labari da suke alfahari da shi. A 1912 gwamnatin Amurka ta yi doka, ta tura 'yan sha'awa zuwa zangunan da ba su wuce mita 200 ba. A wancan lokaci ana ganin waɗannan gajerun zanguna ba su da wani amfani, kamar a ba mutum fako a ce ya je ya noma. Suka karɓa, suka ci gaba da gwaji da kayan da suka haɗa da kansu. A watan Nuwamba na 1923, wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy, daga birnin Nice, ya yi musayar saƙo da wasu Amurkawa biyu, Fred Schnell da John Reinartz, a zango na wajen mita 100. Saƙo ya ƙetare Tekun Atilantika, amsa ta dawo. Ashe fakon nan fadama ce. Gajeren zangon da dattijonmu ke murɗawa yana neman labarai, 'yan sha'awa na cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya irin nisan da yake ci.

Wannan ke nan. Yanzu sai kashi na biyu, wanda shi ne zuciyar shirin: awo.

Masu sauraro, kun sha jin mai gabatarwa yana cewa, "Kuna iya kama mu a kan mita 19, ko mita 25, ko mita 41." Kun taɓa tambayar kanku, mitar me ake aunawa?

Ga amsa. Ku jefa tsakuwa a kududdufi. Za ku ga ruwa ya yi tozo-tozo yana bazuwa. Tazarar da ke tsakanin wannan tozo da na bayansa, ita ce tsawon zango. Saƙon rediyo haka yake tafiya, illa dai ido ba ya ganinsa, kuma gudunsa gudun haske ne, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan aka ce mita 19, ana nufin daga tozo zuwa tozo akwai mita 19.

Akwai kuma wata kalmar da ake rubutawa a fuskar rediyo, megahaz. Megahaz ɗaya na nufin kaɗawa sau miliyan ɗaya a daƙiƙa. Sunan ya fito daga Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da samuwar waɗannan igiyoyi a ƙarshen shekarun 1880. Mita da megahaz kamar masu wasan lilo ne a kan katako ɗaya: wannan ya hau, wancan ya sauka. Ka raba 300 da megahaz, ka sami mita. Tashar FM da ke kan 100, zangonta mita 3 ne. Tashar da ke kan megahaz 15 da rabi, zangonta mita 19 da 'yan kai.

To ina ruwan eriya da wannan?

Ku tuna mai garaya. Idan ya danne tsirkiya da yatsa, ya rage tsawon inda ke kaɗawa, sai murya ta yi siriri. Ya saki, ta yi kauri. Kowane tsawo da muryarsa. Waya ma haka take. Kowane tsawon waya yana da zangon da yake amsawa da daɗi, kuma wayar da ta fi sauƙin sha'ani ita ce mai rabin tsawon zango. A yanka ta biyu daidai, a jona igiyar da ke zuwa rediyo a tsakiya, hannu ɗaya ya miƙe dama, ɗaya ya miƙe hagu. Ita ce ake kira daiful, wato eriya mai hannu biyu. Kusan duk wani zaman koyo da ita yake farawa.

Ga lambar da muka ce ku rubuta: 143. A sake: 143. Ka raba 143 da megahaz ɗin da kake so, abin da ya fito shi ne tsawon wayar gaba ɗaya, a mita. Wani zai ce, ai rabin 300 shi ne 150. Gaskiya ne. Amma waya ta gaske tana nuna kamar ta ɗan fi tsawonta, saboda abin da ke faruwa a bakunanta, don haka ake rage kusan kashi 5 cikin 100.

Mu gwada. Masu rediyon sha'awa suna son megahaz 14.2, domin a nan ake yawan cin nisa da rana. 143 a raba da 14.2, ya ba da mita 10 da santimita 7. Kowane hannu mita 5 ke nan da 'yan santimita. Wayar wuta ta jan ƙarfe, irin wadda ake sa wa gida, ta isa. Da ita, da na'urar da ƙarfinta bai wuce na tsohon ƙwan fitila mai wat 100 ba, mutum yana iya magana da wata nahiya idan sararin sama ya yi kyau. Can sama akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cajawa. Shi ke tare saƙon gajeren zango ya maido shi ƙasa a wuri mai nisa. Yanayinsa yana canjawa tsakanin dare da rana, shi ya sa tashar da ta ƙi kamuwa da azahar takan fito da daddare.

Abin riƙewa dai shi ne, eriya awo ce. Waya mai tsada da aka yanka ba daidai ba, wayar bola da aka auna da kyau ta fi ta aiki.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan masu rediyon sha'awa da yadda suke ƙera eriya da hannunsu. Mun shiga kashi na uku. Mu shiga zauren.

Irin wannan zama yawanci ranar hutun mako ake yinsa, a ajin makaranta ko ɗakin taron unguwa, ko garejin wani daga cikin 'yan ƙungiya. Dogon tebur ne a tsakiya. A kai akwai nadin waya, da guntayen fayif na roba irin na masu aikin famfo, da filaya, da salatef, da ƙarfen narka dalma yana hayaƙi a kan mazauninsa. Ɗakin yana warin dalma da ƙonanniyar roba. Ga tsoho mai furfura da gilashi a kan hanci, ga yarinya 'yar sakandare da ba ta taɓa riƙe filaya ba. Tsohon ba zai karɓe aikin daga hannunta ba. Zai tsaya a gefe ne yana cewa, "Ɗora ƙarfen a kan wayar tukuna. Bari ta yi zafi. Yanzu kawo dalmar." Wannan shi ne darasin farko na liƙi: wayar ake gasawa, ita kuma ta narka dalmar. Wanda ya ɗiga narkakkiyar dalma a kan waya mai sanyi zai ga ta dunƙule kamar kashin awaki. A ido ta kama, amma da an ja sai ta saki. Liƙi mai kyau yana kwanciya sumul yana sheƙi.

An auna waya, an yanka. Amma ku lura da wata dabara irin ta tela. Tela mai hankali yakan bar rara a jikin yadi, domin ragewa tana da sauƙi, ƙari kuwa sai da faci. Su ma idan lissafi ya ce mita 5, sai su yanka mita 5 da santimita 20. A fita fili, a ɗaga tsakiyar eriyar a kan gora ko doguwar sanda, a ɗaure bakunan da igiyar roba. Sai gwaji.

A nan ne za ku ji suna ta maimaita haruffa uku: SWR. Kada sunan ya tsorata ku. Ma'anarsa ita ce, nawa ne daga cikin ƙarfin da aka tura ya fita iska, nawa ne kuma ya dawo baya? Ku ɗauka mutum yana ɗura ruwa a jarka da mazurari. Idan bakin ya dace, ruwa ya shige salin-alin. Idan bai dace ba, ya yi ambaliya ya jiƙa mai ɗurawa. Eriyar da ba ta dace ba tana maido da wuta cikin na'ura, na'ura ta yi zafi, wani lokaci ta ƙone. Idan ma'auni ya nuna 1, komai ya dace. Ƙasa da 2, ana iya aiki. Ya kai 3 ko ya wuce, a sauke a gyara.

Da can wannan awo sai mai hali. Yanzu akwai wata 'yar na'ura mai suna NanoVNA, ba ta fi tafin hannu ba, kuma kuɗinta bai kai na matsakaiciyar wayar hannu ba. Ƙungiya takan sayi guda ɗaya kowa ya amfana. Tana zana layi a fuskarta, layin ya yi kwari a daidai inda eriyar ta fi amsawa. Idan kwarin ya faɗa ƙasa da inda ake so, waya ta yi tsawo. A sauke, a rage santimita 5 a kowane hannu, a sake ɗagawa. A zangon megahaz 14, wannan ɗan ragin yana matsar da kwarin da wajen kilohaz 140, wato megahaz 0.14. A sake dubawa. A sake saukewa. Sau uku, sau huɗu, har rana ta take. Wanda ya gaji ya datse da yawa a karo ɗaya, shi ne za a yi wa dariya yana neman guntun waya zai yi faci.

Akwai abin da littafi ba ya iya faɗa maka, sai fili. Eriyar da ta yi daidai a filin makaranta tana iya sauya hali idan aka kai ta gida aka rataya kusa da rufin kwano. Tsayinta daga ƙasa ma yana da magana. Idan ta yi sama sosai, kamar rabin zango, saƙonta yana fita a kwance ya ci nisa. Idan ta yi ƙasa-ƙasa, saƙon yakan tashi sama tsaye ya zubo a kewaye, kamar ruwan da aka watsa sama da buta. Wannan ba aibu ba ne. Masu aikin agaji da gangan suke yin haka a zangon megahaz 7, domin su sami garuruwan da ke cikin 'yan ɗaruruwan kilomita, ko da akwai duwatsu a tsakani.

Yanzu ga wadda ta ba shirinmu suna.

Kun san eriyar talabijin ta da, mai kama da ƙashin kifi, wadda ake ɗaurawa a kan gora ana juyawa, na cikin ɗaki yana ihu, "Ya yi! A'a, koma baya kaɗan!" Sunanta Yagi. A Jami'ar Tohoku da ke Sendai a ƙasar Japan aka ƙirƙiro ta a 1926. Shintaro Uda ne ya yi mafi yawan aikin, tare da malaminsa Hidetsugu Yagi, amma sunan malamin ne ya bi duniya. Aikinta kamar na tocila ne. Daiful tana watsa saƙo kamar fitilar ƙwai, ko'ina ya samu kaɗan-kaɗan. Yagi kuwa tana tattara shi ta haska gefe ɗaya.

Wani Ba'amurke mai suna Joe Leggio ya fitar da tsarin yin Yagi da tef ɗin awo na ƙarfe, irin na kafinta, kuma tsarin ya zama abin da ƙungiyoyi da yawa ke koyar da sababbin shiga. Ana yin ta ne domin zangon mita 2. A yanko tef mai santimita 105, shi ne na baya, mai tare saƙo ya tura shi gaba. A yanko biyu masu santimita 45 kowanne, su ne na tsakiya, inda ake jona igiya. A yanko na gaba mai santimita 89, shi ke jan saƙon. A jera su a kan fayif na roba: daga na baya zuwa na tsakiya santimita 20, daga na tsakiya zuwa na gaba santimita 32. A ɗaure da zoben ƙarfe irin na tiyo. Kafin a liƙa igiya sai an kankare fentin tef ɗin har ƙarfe ya fito fari, in ba haka ba dalma ba za ta kama ba. Sannan a lanƙwasa 'yar waya mai kamar santimita 13 a haɗa hannuwan tsakiya da ita, domin bakin mazurarin nan ya dace. Kuma a naɗe bakunan tef ɗin da salatef, don yankakken tef reza ne.

Me ya sa tef? Saboda yana lanƙwashewa ya koma ya miƙe. Akwai wasan da suke yi mai suna farautar yanyawa. Wani zai ɓoye 'yar na'ura mai aika sauti a cikin daji ko lambu, saura su bazu da eriyoyinsu suna juyawa, suna bin inda sautin ya fi ƙarfi. Mai gudu cikin ƙaya da sandunan alminiyam zai dawo da su a karye. Na tef kuwa sai dai su yi ƙara su miƙe. Wasa ne, amma da irin wannan ƙwarewa ake gano na'urar da ta lalace tana damun zangon jama'a.

Kada kuma a raina tef. A watan Janairu na 1970 aka harba wani tauraron ɗan'adam da ɗaliban Jami'ar Melbourne ta Ostareliya suka ƙera, mai suna Australis-OSCAR 5. Da tef ɗin awo na ƙarfe aka yi eriyoyinsa. An naɗe su lokacin tashi, da ya isa sama suka warware da kansu. Wansa kuma, OSCAR 1, 'yan sha'awa ne suka haɗa shi a garejinsu da ɗakunan gidajensu a jihar Kalifoniya. An harba shi ranar 12 ga Disamba, 1961, shekara 60 cif bayan ranar da Marconi, ɗaya daga cikin magabatan rediyo, ya ce ya ji saƙon farko da ya ƙetare Atilantika. Kusan mako uku ya yi yana zagaya duniya yana aiko da gaisuwa da haruffan Morse, wato rubutun gajeru da dogayen sautuka: ɗigo huɗu, ɗigo biyu.

Yau ma, mai eriyar tef yana iya tsayawa a tsakar gida ya nuna ta sama ya saurari tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a kan megahaz 145.8, a lokutan da rediyonta ke aiki. Tana wajen kilomita 400 a sama, kuma ba ta wuce minti 10 take ɓacewa a bayan gari. Sai ka bi ta da hannu kamar mai nuna jinjirin wata.

(Kiɗa kaɗan)

Kashi na huɗu: ita kanta na'urar.

Mai farawa da rediyon da ba ya cin batir yake farawa. A naɗa siririyar waya a jikin kwalin takarda, a sa ɗan dayod guda, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a haɗa da abin sawa a kunne mai jin ƙaramin motsi, da doguwar waya a sama, da wata a cikin ƙasa. Idan akwai tashar matsakaicin zango mai ƙarfi a kusa, za a ji ta. Ƙarfin tashar da eriya ta kamo shi kaɗai ke motsa shi. A Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da ke Anzio a Italiya sun yi irinsa da reza da bakin fensir a madadin dayod.

Daga nan sai na'urar aikawa. Misalin da ya fi kusa da halinmu daga Indiya ya fito. Wani injiniya a birnin Hyderabad, Ashhar Farhan, ya lura cewa 'yan sha'awa a ƙasarsa ba su da kuɗin na'urorin Japan, kuma kayan haɗin da littattafan Turai ke ambata ba a samunsu a kasuwa. A 2003 ya zana wata na'urar magana ta megahaz 14, ya sa mata suna BITX. Ya ce a cikin jirgin sama ya zana ta, da takarda da fensir da kalkuleta. Inda ake buƙatar wasu zobba na musamman da ake naɗa waya a kai, sai ya yi amfani da wosha ta roba irin ta kan famfo. Ya saki zanen kyauta. Mutane a ƙasashe da dama suka haɗa ta, kowa da irin gyaran da ya ƙara mata. Ƙarfinta 'yan wat kaɗan ne, batirin mota ya ishe ta.

A Ingila kuma akwai al'adar zaman haɗa na'ura na yini guda, inda kowa ke tashi da abin da ya haɗa. Domin irin wannan zama ne, a taron matasan rediyo na watan Agustan 2017, Hans Summers ya tsara wata 'yar na'ura mai wat 5 mai suna QCX, wadda aka fara sayar da kayan haɗinta dala 49. Wat 5, masu sauraro. Cajar wayar hannu ta kai haka. Amma idan eriya ta yi daidai, da haruffan Morse, wat 5 yana ƙetare teku.

Ga kuma wani abu da ke saman kanmu a yanzu haka. A watan Nuwamba na 2018 aka harba tauraron ƙasar Katar mai suna Es'hail-2, ɗauke da sashen 'yan sha'awa da ake kira QO-100. Yana tsaye wuri guda, a wajen digiri 26 gabas, kusa da inda taurarin Badr na Arabsat suke. Inuwarsa ta rufe Afirka gaba ɗaya, ta taɓo Brazil ta yamma, ta kai Thailand ta gabas. Ana sauraronsa da dish na talabijin, da ƙoƙon nan na gabansa da masu haɗa dish ke kira LNB, da wata 'yar na'ura mai kama da filash da ake soka wa kwamfuta. Duk matashin da ya iya saita dish a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ya riga ya iya rabin aikin. Kuma masu gyaran rediyo da waya da ke kasuwanninmu, waɗanda ke liƙa abin da ido da ƙyar yake gani, hannunsu ya fi na yawancin masu zuwa irin waɗancan zaurukan faɗawa. Abin da ya rage musu shi ne lissafin awo, da lasisi, da wurin haɗuwa.

Amfanin abin yakan fito ranar da komai ya tsaya. A Disambar 2004, lokacin da igiyar tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, akwai wata tawagar 'yan sha'awa a Port Blair ƙarƙashin jagorancin wata mata, Bharathi Prasad. Sun je ne domin nishaɗin magana da duniya. Da layukan waya suka yanke, rediyonsu ya koma hanyar isar da saƙon agaji da labarin 'yan'uwa zuwa babban yankin Indiya.

Kafin mu rufe, ga gargaɗi, kuma muna roƙo a saurara da kyau.

Wayar wutar lantarki. Kada a kafa gora ko sanda a inda, idan ta faɗi, za ta taɓa wayar wuta. Kada a jefa waya ta saman layin wuta, kada a ɗaura ta a jikin falwaya, ko da an ɗauke wuta. Ba a sanar da kowa lokacin da za a dawo da ita. A sake ji: eriya da wayar wuta ba sa haɗa hanya.

Sai damina. Da an ga hadari ya haɗo, a cire igiyar eriya daga jikin rediyo, a ajiye bakinta a waje, nesa da mutane. Ƙarfen narka dalma kuma zafinsa ya haura digiri 300, a kawar da shi daga inda yara suke, a buɗe taga, a wanke hannu kafin a ci abinci, saboda dalma guba ce.

Sai doka. Sauraron tashoshin watsa labarai ba ya buƙatar izinin kowa. Aika saƙo ta iska kuwa sai da lasisi daga hukumar da ke kula da sadarwa a ƙasarku. A halin tsaron da ake ciki, wanda aka gani yana yawo a bayan gari da eriya a hannu za a yi masa tambayoyi, kuma masu tambayar suna da hujja. Malamin da ke son ya gwada wannan da ɗalibansa ya fara sanar da shugaban makaranta da mai unguwa, ya tsaya a kan sauraro har takarda ta fito.

Ga aikin gida, wanda babu ruwansa da lasisi. Ku zaɓi tashar FM da ke ba ku wahala. A ce tana kan 100. 143 a raba da 100, mita 1 da santimita 43 ke nan. Ku yanko waya biyu, kowace santimita 72. Ku ɗaure su a jikin sanda, ɗaya ta kalli sama, ɗaya ta kalli ƙasa, da ɗan tazara a tsakiya kada su taɓa juna. Ku samo igiyar eriyar talabijin. Zaren tsakiya ya kama ta sama, ragar da ke kewaye ta kama ta ƙasa. A ɗaya bakin, zaren tsakiya ya kama eriyar rediyonku bayan kun mayar da ita ciki, ragar kuma ta taɓa ƙarfen jikin rediyon idan yana da shi. Ku ɗaga sandar sama, nesa da wayar wuta. Idan ba ta fito ba, ku kwantar da sandar, ku juya ta a hankali har muryar ta washe.

Wanda ya gwada, ya aiko mana da sunan garinsa, da tashar da ya kamo, da tsawon wayar da ya yanka. Za mu karanta a shiri na gaba.